Ziyarar Marco Gonzalez a Beliz: ta cancanci kuɗin mai tsara birni?

Marco Gonzalez kufai ne na mutanen Maya, tsohuwar al'ummar Amurka ta Tsakiya, a ƙasar Beliz. Wanda ke neman dogayen gine-ginen Maya ya nufi tsohon birnin Tikal a Gwatemala, nan ba wurinsa ba ne. Abin da ke Marco Gonzalez, a kudancin tsibirin Ambergris, kusan kilomita 8 daga garin San Pedro, ƙasa ce baƙa wuluk. Ita ake zuwa gani, kuma ga ma'aikacin tsaftar gari ko mai tsara unguwanni, ta isa dalilin tafiya.

Ana hayar ƙaramar motar golf daga San Pedro, daga nan a taka doguwar gadar katako da ta ratsa fadamar ruwan gishiri. Sauro ya yi katutu, don haka a sa riga mai dogon hannu, a shafa magani. Kada a jingina da bishiyar chechem, ruwanta yana ƙona fata. A ɗauki ɗan jagora, domin in ba shi, ƙananan tuddai da tsingaro kawai ido zai gani.

Da an fito daga fadamar sai ga manyan itatuwa a tsaye, alhali yashin tsibirin ba ya riƙe irinsu. Masu binciken kayan tarihi Elizabeth Graham da David Pendergast sun fara tono a nan a 1986, kuma binciken da ya biyo baya ya nuna shara ce ta haifi wannan ƙasa. Wajen shekarun 600 zuwa 800 Miladiyya mazauna wurin suna dafa ruwan gishiri a tukwane, toka da gawayi da fasassun tukwane suka taru hawa-hawa. Bisa su aka samu ƙayar kifi, ɓawon katantanwar teku, daɓen farar ƙasa, har da gawarwakin da ake binnewa a ƙarƙashin ɗaki. Ƙaguwa ta yi ta haƙa ramuka tana cakuɗa komai. Gawayi yana riƙe damshi, ƙashi yana ba da fosfaras, sinadarin da tsiro ke buƙata, toka da ɓawo suna kashe tsamin ƙasa.

Bakane ba zai yi mamaki ba, tun da an daɗe ana loda takin juji a mangala, jakuna su kai shi gonakin kewayen birni. Sai dai jujin yau ba na jiya ba ne: leda da batir da gilashi ba sa komawa ƙasa, batir ma guba yake zubawa. Sai an ware su tun daga gida, an keɓe fili ga abin da ke ruɓewa, nesa da rijiya.

Inda ziyarar ta gaza shi ne hawa-hawan nan suna binne, ba a ganinsu daga sama. A nemi jagora ya nuna bakin ramin ƙaguwa, inda ta turo gawayi da tsingaro waje. A duba a bar su nan, doka ta hana ɗauka.