Sashen Gaggawa Bayan Ƙarin Kuɗin Gwamnati: An Gyara Shiga, Fita Ce Ta Gagara

Inda kuɗin ya fi nuna kansa shi ne teburin tantance marasa lafiya. Asibitocin da ke bin tsarin Manchester suna kasa masu zuwa kala biyar: ja a duba nan take, ruwan lemo cikin minti 10, rawaya 60, kore 120, shuɗi 240. Idan aka ƙara nas ta biyu a teburin, mai ciwon ƙirji kan samu gwajin zuciya cikin minti 10, yadda ƙa'ida ta tanada. Wannan kam abin yabo ne.

Sai dai tushen cunkoson yana can ciki. Likita ya rubuta a kwantar, a ce babu gado. Mara lafiya ya kwana kan gadon da ake turawa a baranda, ledar ƙarin ruwa na reto a kansa, motar asibiti kuma tana waje ta kasa sauke wanda ta kawo. Wasu gadajen waɗanda suka warke ne a kai, suna jiran takardar sallama ko magani, musamman ƙarshen mako. An sayo gadaje, ba a ɗauki ma'aikatan jinyar da za su kula da su ba.

Mai ƙaramin ciwo ya shirya zaman awanni, ya taho da jerin magungunan da yake sha.