Nasi goreng a wani shagon mamak na Gombak

Duk ɗalibin da ya zauna a Gombak, kusa da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, ya san shagunan mamak na Indiyawa Musulmi, waɗanda yawancinsu ba sa rufewa dare da rana. Akwai wanda nake zuwa bayan isha'i, kuma nasi goreng kampung, wato soyayyiyar shinkafa irin ta ƙauye, ce ke kai ni.

Dafaffiyar shinkafar da ta kwana suke soyawa, shi ya sa take fitowa warwar, ba ta caɓewa. Mai suyar yana tsaye a ƙofar shago da kaskonsa mai zurfi, wuta na ci bal-bal. Da farko yana zuba albasa da tafarnuwa da barkono, sai ya jefa ɗan belacan, wato jatan lande da aka niƙa da gishiri aka bar shi ya ruɓa. Warinsa ɗanye zai iya korar baƙo, amma wanda ya tashi da miyar daddawa ba zai tsorata ba. Da ya sha mai sai ya koma ƙamshi. Daga nan sai shinkafa da ganyen kangkung, a ƙarshe a watsa soyayyun ƙananan kifi, ikan bilis, masu ƙaras-ƙaras a baki. Kifin nan su ne ran abincin, kuma a wannan shagon ba a rowarsu.

Yajin na gaske ne, har gumi yake sa ni. Sai dai ba su cika zuba kecap manis ba, baƙin ruwan waken soya mai zaƙi da 'yan Indonesiya ke ji da shi. Wani abokina ɗan tsibirin Jawa na Indonesiya kullum sai ya yi ƙorafi, yana tuna mini cewa a 2018 gwamnatinsu ta sa nasi goreng cikin abincin ƙasa guda biyar. Ni kam ƙarancin kecap manis ɗin ya fi mini, ba na son sukari a shinkafa.

Kada ka yi odar nasi goreng pattaya a nan. Ƙwan da suke naɗe ta da shi yana bushewa, mai kuma ya yi yawa.

Daren da ake nuna ƙwallon Ingila wurin yana cika maƙil, sai ka yi ta ɗaga hannu kafin yaron shago ya waiwayo ka. Kuma ka ci a wurin da zafinta, da kofin teh tarik, wato shayin madara mai kumfa. Idan aka ƙunshe maka a leda, kafin ka isa ɗaki tururi ya jiƙa kifin sun yi laushi.