Terraform ko CloudFormation: Wanne Ya Fi Dacewa da Tsara VPC?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa kamfaninku da ke Barnawa zai ɗora manhajarsa a AWS, wato na'urorin Amazon da ake haya ta intanet, kuma kun gaji da haɗa VPC (keɓantacciyar hanyar sadarwarku a cikin AWS) da hannu, shin tsakanin Terraform da CloudFormation wanne ya kamata ku ɗauka. Duka biyun kayan aiki ne da ake rubuta musu tsarin a fayil su kuma su gina shi. Na yi aiki da su, ga abin da na gani.

A wajen rubuta tsarin, bambancin bai taka kara ya karya ba. CloudFormation na Amazon ne, ya fito a 2011, da YAML ko JSON ake rubuta shi, shi kuwa Terraform kamfanin HashiCorp ne ya fitar da shi a 2014 da harshensa mai suna HCL, wanda a ganina ya fi daɗin karantawa idan sabnet, wato ƙananan sassan da ake raba VPC zuwa gare su, suka yi yawa. Dokokin VPC ɗin ba sa sauyawa ko da wanne ka zo: girman zangon adireshinsa daga /16 (mafi girma) ne zuwa /28 (mafi ƙanƙanta), AWS kuma yana riƙe adireshi biyar a kowane sabnet, saboda haka /24 adireshi 251 zai ba ka, ba 256 ba. Idan ka sauya zangon adireshin sabnet bayan an gina shi, dukansu rushe shi za su yi su sake ginawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin da aikin yake gudana. CloudFormation, da zarar ka miƙa masa fayil, can a na'urorin AWS yake ƙarasa komai, ko da ka rufe kwamfutarka, idan kuma wani sashe ya gaza sai ya warware abin da ya fara. Terraform kuwa daga kwamfutarka yake ba da umarni, yana rubuta abin da ya gina a fayil ɗin terraform.tfstate. Wani dare ina tsakiyar terraform apply, umarnin da ke gina tsarin, ana kafa NAT Gateway, wato mashigar da na'urorin ciki ke bi su fita intanet, aka ɗauke wuta, rauta, na'urar da ke ba ni intanet, ta mutu kafin janareta ya tashi. Terraform ya kasa aika bayanan zuwa S3, ma'ajiyar fayiloli ta AWS, ya bar mini su a fayil ɗin errored.tfstate, da makullin da ke hana wani taɓa bayanan wanda bai sake ba, na kwana ina gwada abin da ke fayil da abin da ke AWS kafin na cire makullin da force-unlock, na tura bayanan da state push. Wanda ya san halin wuta da intanet a Kaduna ba zai raina wannan ba.

Sai dai Terraform yana da nasa fifikon. Idan wani ya shiga ya buɗe ƙofa ta 22, wadda ake bi a shiga na'ura daga nesa, da hannu, terraform plan, umarnin da ke nuna abin da zai sauya, zai iya nuna maka sauyin a gudu na gaba, alhali a CloudFormation sai ka nemi binciken da kanka. Terraform yana kuma aiki da dandalin wasu kamfanoni irin su Azure da Cloudflare. Masu damuwa da sauyin lasisin da HashiCorp ya yi a 2023 suna da OpenTofu, madadinsa da aka gina daga tushen Terraform.

Tun da AWS kaɗai kuke nufi, kuma ba ku da yawa, ni CloudFormation zan ba ku shawara. In kun nace sai Terraform, to ku gudanar da shi daga GitHub Actions, wanda ke gudanar da aiki a na'urorin GitHub, ba daga laptop ba, ku ajiye fayil ɗin terraform.tfstate a S3 da makulli. Kafin ku rubuta layi ɗaya, ku tabbatar zangon VPC ɗin bai ci karo da na ofishinku ba, domin ranar da za ku haɗa ofishin da VPC ɗin ta VPN, a nan matsalar za ta ɓullo.