Ƙaho ko haƙori: wanne ke faɗin shekarun ɗan kishimin Turai?

Malam, kan ɗan kishimin da aka yi maka tallansa a nan Ingila, irin mai ɗigo-ɗigon fari da Turawa ke kira fallow, da tambayarka ko a ƙaho za ka gane shekarunsa ko a haƙori: buɗe bakinsa.

Ƙaho dai ga shi nan, ana kallonsa daga nesa, iyakar amfaninsa ke nan. Ba irin na rago ba ne da ke zama har tsufa. Wannan yakan zube duk shekara wajen Afrilu zuwa Mayu, sabo ya tsiro lulluɓe da fata mai laushi, ya bushe wajen Agusta. Na farko tsinke biyu ne miƙaƙƙu ba reshe, yana fitowa ne in ya kai kamar shekara 1. Na biyu yakan yi 'yan rassa, faɗin nan kamar tafin hannu kuwa sai daga shekara 3 zuwa 4. Amma girman ƙaho na bin abinci da jini ne. Wanda ya sha yunwa yana iya shiga shekara ta uku da ƙaho kamar na ƙanensa. Masu ƙirga reshe su ce kowane ɗaya shekara ɗaya ce, tatsuniya suke yi.

Haƙori kuwa ba ruwansa da ƙiba ko rama, lokacinsa yake bi. Kamar tunkiya, ba shi da haƙoran gaba a sama, 8 ne a ƙasa, kuma na tsakiya biyu su ke fara famfara kafin ya cika shekara, manya masu faɗi su maye gurbinsu. Sai dai hujja mai ƙarfi tana can ciki, a turame. Babba yana da 6 a kowane ɓangare na muƙamuƙin ƙasa. In ka ƙirga 4, bai shekara ba. In 5 ne, yana tsakanin shekara 1 da kusan 2. Na shida yana ɓullowa ne wajen cikar shekara 2. Sannan ka duba na uku daga gaba: muddin na nono ne, kai uku gare shi, in ya yi famfara na dindindin kai biyu ne, wannan ma yana faruwa dab da shekara 2.

Nawa da nake ji da shi, ta haka na same shi. Ranar da muka je gonar, likitan dabbobi yana yi wa garken gwajin tarin fuka, an sa shi a maƙale. Dattijon mai gonar ya haska tocila ya ce in leƙa da kaina: turame 5, na uku da kansa uku cif. Ƙahonsa abin dariya, ɗaya ma ya fi ɗaya tsawo, wani mai saye ya riga ya raina shi ya wuce. Yanzu shi ne uban garkena, in ya ji ƙarar bokitin abinci shi ke fara isowa bakin shinge.

Wani sauƙi kuma, a nan kusan duka a watan Yuni ake haifarsu, bayan barbarar Oktoba. Saboda haka a Disamba ko dai wata 6 ne, ko 18, ko 30. Haƙori zai gaya maka wanne daga ciki.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Akwai mai kawo tsumburarren ɗan shekara 2 ya ce ɗan bara ne. Akwai mai yanke ƙaho ya ce don sauƙin ɗauka a mota, akwai mai ɗauko zubabben ƙahon wani ya ce na wannan ne. Ka nemi lambar kunne da takardar gona, ka ga sun dace. Kuma kada ka ce za ka danne shi da hannu kamar bunsurun Sallah, dabba ce mai firgita, tana iya karya ƙafa ko ta soke ka. A sa shi a maƙale, ko likita ya yi masa allurar barci.

In ya haura shekara 2 da rabi turame sun cika, sai kintace daga cinyewarsu. Naka ƙarami ne, haƙori zai raba gardama. In mai shi ya ƙi a duba baki, riƙe kuɗinka.