Kwali ko akwatin katako wajen aika lasifika

Idan za a aika lasifika daga Kano zuwa Legas a motar kaya, kwalinta na asali yana da daɗin sha'ani: ba nauyi, kuma farin soson da aka yanka daidai jikinta yana hana ta motsi. Sai dai kwali ba ya jure ruwa, kuma da 'yan dako sun jibga masa buhuna sai ya lotsa, takardar fuskar lasifikar ta yage.

Akwatin katako ya fi tsada, kuɗin mota ma ya ƙaru. Duk da haka, ga manyan lasifikun biki shi nake zaɓa, muddin an cusa soso ta kowane gefe. Maganaɗisun bayansu yana da nauyi sosai, in akwai sarari ramukan hanya na iya ɓalle shi.