RTX 4060 ko RTX 4090, wanne zan saya?

Duka biyun katin girafik ne, wato abin da ke sarrafa hoto a kwamfuta. Gaskiya ni dai 4060 nake gaya wa mutane su ɗauka. Dala 299 kamfanin Nvidia da ya ƙera ta ya sa mata da ta fito a 2023, wuta kuma wat 115 kawai take ci, ko a kan inbata kake ba za ta wahalar da kai ba, gem a 1080p (hoto mai matsakaicin kaifi) kuwa lafiya lau yake tafiya. Matsalarta dai memori, 8GB ya fara yin kaɗan wa sabbin gem.

Ita 4090 ta 2022 dodo ce wallahi, 24GB, 4K (hoto mai kaifi sosai) ba ya ba ta tsoro, amma dala 1599 fa aka sa mata da ta fito, ga wat 450, sai ka canja fawa saflai (abin da ke ba kwamfuta wuta) zuwa wat 850 sannan ka nemo babban kes na kwamfuta saboda girmanta. In edita ne kai mai aikin bidiyo ko 3D kullum, to kuɗinka zai dawo.