Glenfarclas mai shekara 25: daɗi akwai, amma kuɗin fa?

Glenfarclas mai shekara 25 wiski ce mai kyau, wannan ba a gardama. Abin tambaya shi ne ko ta cancanci fiye da ninki biyu na kuɗin ƙanwarta mai shekara 15, kuma bayan na sha rabin kwalba a hankali, amsata ita ce a'a ga yawancin mutane.

Na san galibin masu karanta Hausa ba sa shan barasa, addini ya hana, kuma ba tallarta nake wa kowa ba. Ni Kirista ne ɗan Filato, aikin mai ya kawo ni Abadin, a ƙasar Sikotland, inda wiski sana'ar gado ce da suke taƙama da ita.

Glenfarclas irin wiskin da suke kira singil molt ce, wato wiskin da aka yi da tsiron sha'ir zalla, a matata guda, cikin tukwanen tagulla. Wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa dawa ta tsira kafin a dafa burukutu ya san matakin farko. Dokar 2009 ta ce sai ta kwana aƙalla shekara 3 a gangar katakon ok a cikin Sikotland, ƙarfin barasarta kuma kada ya gaza kashi 40 cikin 100. Lambar da ke jikin kwalba shekarun mafi ƙanƙantar wiskin da ke ciki ce, don haka a wannan kwalbar babu ɗigon da bai kai 25 ba.

Matatar Glenfarclas tana Ballindalloch a yankin Speyside, a gindin dutsen Ben Rinnes, kuma tun 1865 tana hannun iyalin Grant. Har yau wuta suke hurawa kai tsaye ƙarƙashin tukwane, alhali yawancin matatu sun koma tururi. Gangunansu kuwa waɗanda aka taɓa ajiye sheri a ciki ne, wata giyar inabi ta Sifaniya, kuma ba sa ƙara kala, ko da yake doka ta yarda a ƙara. Jan da ka gani a kofi, mai duhu kamar zuma, katako ne ya ba ta.

Kada ka yi gaggawa da ita. Da zarar an zuba, barasa ce ke fara dukan hanci. Na bar ta a kofi mai tsukakken baki kamar kwata na awa, sai ƙamshin ya buɗe: zabibi, busasshen dabino, ɓawon lemo, can ƙasa kuma wani ƙamshin tsohon katako da fata. A baki tana da laushi ƙwarai, ba ta yanka maƙogwaro. Zaƙi ne ke fara zuwa, sai kanumfari da citta, sai ɗacin baƙin cakulan wanda ke maƙale a dasashi har bayan ka haɗiye da daɗewa. Wannan jimawar ita ce abin da na fi so, kuma nan ne shekarun suka nuna kansu. Ruwa kuwa, ɗigo biyu daga bakin cokalin shayi sun isa. Ƙarfinta kashi 43 ne kawai, in ka zarce sai ta yi salam. Ƙanƙara kam, kada ma ka soma.

Tsadar tana da dalili. Ana ƙiyasta cewa a Sikotland kusan kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska duk shekara, abin da suke ce wa rabon mala'iku. Ga kuɗin ganga, ga na ajiya, ga jari kwance tsawon shekara 25. In ka dubi sa'o'inta na wasu sanannun matatu ma, sai ka ce rangwame aka yi maka. Kasuwar ta haukace tun da masu tara kwalabe suka shigo, har an sayar da kwalba ɗaya ta wiskin Macallan ta 1926 kan sama da fam miliyan 2 a Landan a 2023. Mai irin wannan kwalbar da wuya ya taɓa buɗe ta.

Sai dai da na jera ta da mai shekara 15, wadda ake sa wa kwalba a kashi 46, sai lissafi ya canza. Ƙaramar ta fi kauri a baki, ta fi yaji, zabibinta ya fi fitowa fili. Babbar ta fi ta natsuwa da dogon ɗanɗano, amma tazarar da harshe ke ji ba ta kai wadda aljihu ke ji ba. Wani abokin aikina ɗan ƙasar, da na ba shi kofi biyu ban gaya masa wacce ce wacce ba, ƙaramar ya zaɓa, bai ko yi jinkiri ba.

In kyauta za ka yi wa wanda ya san abin, ko bikin ritaya ne, mai 25 ba za ta ba ka kunya ba. In don kanka ne, ka fara sayen awo ɗaya a mashaya ka ɗanɗana kafin ka fitar da kuɗin kwalba. Ni dai in wannan ta ƙare, mai 15 zan sake saya, canjin kuma in gwada wata daga tsibirin Islay, masu ƙamshin hayaƙin nan.